Waiwaye: Portal, Wasan da Ya Koyar da Fiziks Ba Tare da Allo Ba

A shekarar 2005 wasu ɗaliban makarantar DigiPen da ke Redmond, a jihar Washinton ta Amurka, suka haɗa wani ɗan wasan kwamfuta mai suna Narbacular Drop a matsayin aikin kammala karatu. Da Gabe Newell, shugaban kamfanin Valve, ya gani, bai yi wata-wata ba ya ɗauke su aiki gaba ɗayansu. Daga hannunsu Portal ya fito a watan Oktoban 2007.

Duk wanda ya buga shi ba zai manta fararen ɗakunan nan ba. An ba ka bindiga, amma ƙofofi kawai take buɗewa. Ka buɗe shuɗiyar ƙofa nan, mai ruwan lemo can, ka shiga ɗaya ka ɓullo ta ɗayar. Iyakar kayan aikinka ke nan. Sai wata doka da ba ta taɓa saɓawa: gudun da ka shiga da shi, da shi za ka fito.

To ga rami mai faɗi a gabanka, tsalle ba zai ƙetarar da kai ba. Ka yi ta faɗawa, ka yi ta komawa. Can sai dabara ta faɗo maka: ƙofa ɗaya a ƙasa, ɗaya a saman bango, ka diro daga tudu, gudun faɗuwar ya taru, ƙofar sama ta cilla ka ƙetare kamar dutse daga majajjawa. Abin da ɗalibi ke haddacewa don jarrabawa ya manta bayan mako, a nan sai ka ji shi a jikinka.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin masu tsara wasan. Sun riƙa zaunar da mutane suna kallon inda suke maƙalewa, su koma su gyara ɗakin, har kowane ɗaki ya zama darasi guda da na gaba zai hau kansa. Kuskure kuma ba ya cin ka komai sai 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa ba ka tsoron gwada abin da ba a saba ba.

Portal 2 ya biyo baya a 2011. Wani bincike da Valerie Shute ta jagoranta a Jami'ar Jihar Fulorida, da aka wallafa a 2015, ya sa ɗalibai 77 sun yi awa takwas-takwas, wasu kan Portal 2, wasu kan Lumosity da ake tallatawa don wasa ƙwaƙwalwa. 'Yan Portal 2 ne suka fi a warware matsala da naci. Binciken ƙarami ne, amma ya dace da abin da masu buga wasan suka daɗe da sani.

Malamai da iyaye, in kun ga yaro ya maƙale a irin wannan ɗaki, don Allah kada ku gaya masa amsar. Ku tambaye shi abin da ya riga ya gwada, ku bar shi ya sake gwadawa.