Mai Keke A Bakin Ngadda

Jama'a, wanda bai taɓa tuƙa keke a Maiduguri ba, bai san daɗin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba. Babu hawa, babu gangara. In mutum ya taso daga Fori da sassafe, ya bi gefen kogin Ngadda ta Gwange har Gamboru, gwiwarsa ba za ta yi ƙorafi ba. Shi kogin ba ya kaiwa teku, a fadamar Jere yake bajewa, inda ake noman shinkafa.

Tun da Gwamnatin Jihar Borno ta hana hawan babur cikin 2011 saboda rikicin Boko Haram, keke ya zama dokin talaka, daga ɗalibi har mai tallar kayan lambu.

To, amma shimfiɗar nan tana da nata sharrin. Ran 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa bai sami tudun da zai tare shi ba, ya ci unguwanni, ya lalata gadoji.

Saboda haka muna roƙon hukuma, duk titi ko gadar da za a gyara, a ware wa mai keke gefensa. Ransa ma rai ne.