Farar fitilar bayan mota ba ado ba ce

Tsohuwar Corolla ce gare ni, da ita nake zuwa lakwal ɗin da nake koyarwa a Maraɗi. Wata rana da aka tashi yara, na sa giyar baya zan fita daga bakin ƙofa, sai na ji mai gadi ya doki but da tafin hannu. Na taka birki. Ashe wata ƴar CI ce ta duƙa a bayan motar tana gyara takalmi. Mai gadi ya ce, "Mushe, motar nan taka ba ta nuna za ta koma baya." Fararen fitilun sun mutu, ban kuma san tun yaushe ba, don direba ba ya ganin bayan motarsa.

A garaji mai gyaran wuta ya duba ƙwan fitila da fis, duk lafiya lau. Sai ya nuna mini wani ɗan makunni da aka ɗaura a jikin akwatin giya, tsawonsa bai wuce babban yatsa ba. Bakinsa yana ciki, idan ka sa giyar baya ƙarfe ya danna shi, wuta ta wuce zuwa fitilu. Ya cire soket, ya haɗa wayoyin biyu da guntuwar waya, fitilu suka kama. Makunnin ne ya lalace.

Garin kwance shi ya karye. Kan ya fito a hannunsa, rabin ya tsaya a cikin ramin. Nan take masu zaman garaji suka fara ba da shawara. Wani ya ce a toshe ramin a manta, ai mota na tafiya. Wani ya ce a ja waya zuwa kusa da sitiyari a sa maɓalli, ina kunnawa da hannu. Na ƙi. Maɓallin hannu ya dogara da tunawata, ni kuwa ranar da na fi bukatarsa ita ce ranar da nake sauri. In kuma na bar shi a kunne ina tafiya gaba, na rikita na bayana.

Mai gyaran ya bi ta doguwar hanya. Ya shafa giris a bakin abin huji don ya riƙe ɓarɓashi, ya huda guntun a hankali, ya fiddo shi da ƙarfe mai murɗin hagu. Sannan ya zubar da man giyar gaba ɗaya, don maganaɗisu ba ya kama tagulla ko alminiyom, ɓarɓashi kuwa in ya shiga tsakanin haƙoran giya gyaran ya zama na sauke akwati. Kuɗin sabon mai ya fi na makunnin, yini guda kuma ya tafi. Ban yi da-na-sani ba.

Mu iyaye, in hon ko rediyo ya mutu, ranar muke gyara shi, don mu yake damu. Wannan fitila kuwa na waje take yi wa aiki. Duba ta minti guda ne: ja birkin hannu, buɗe makulli ba tare da tada inji ba, sa giyar baya, wani ya tsaya a gefe ya gaya maka.

Wani zai ce da tsakar rana ƴar shekara 6 da ta duƙa ba za ta ga fitila ba. Gaskiya ne. Amma mai gadi zai gani, manyan yara ma za su gani, in an koya musu cewa ja na birki ne, fari kuwa mota na zuwa kansu. Na tambayi ajina, kaɗan ne suka sani. Ranar muka fita fili na nuna musu da motata. Na kuma roƙi direkta ya hana kowa komawa da baya a bakin ƙofa lokacin tashi. Ni yanzu can gindin dogon yaro nake ajiye ta, gabanta na kallon titi.