Wa'azin ƙarshen duniya da 'yan gudun hijirar Durumi

A unguwar Durumi da ke bayan Area 1 a Abuja akwai manyan majami'u da motoci kan cika harabarsu ranar Lahadi. Ba nisa da su kuma ga sansanin 'yan gudun hijira, bukkokin leda da tsohon kwano, inda mutanen da akasarinsu daga Gwoza suka fito ke zaune tun 2014, Musulmi da Kirista a gauraye. Kiristocin cikinsu na daga cikin waɗanda wa'azin ƙarshen duniya ya fi saurin ratsawa, kuma ba za a ga laifinsu ba. A watan Agusta na 2014 Boko Haram ta kama Gwoza ta ayyana daula a cikinta. A watan Oktoba ta mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi kusa da Mubi. Mutumin da ya kwana a kan duwatsun Mandara da goyo a baya, idan aka karanta masa inda Yesu Almasihu ya gargaɗi mutanen Yahudiya su gudu zuwa duwatsu, ba ya buƙatar mai fassara. Gani ya kori ji.

Matsalar tana wajen masu wa'azin da suka mayar da annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki kalandar bango. Duk yaƙin da ya ɓarke a Gabas ta Tsakiya, duk annoba, duk sabon katin da gwamnati ta fito da shi, sai a nemo masa aya a littafin Daniyel ko Wahayin Yahaya, a ce saura ƙiris. An yi haka da lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014, an yi da NIN, an yi da fasahar 5G da rigakafin korona. Alhali tarihin waɗannan littattafai, wato wa aka fara rubuta wa su da kuma halin da yake ciki, yana nuna wata hanya dabam ta karanta su, wadda ta fi dacewa da mutanen Durumi fiye da kowa.

A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar Sarkin Babila ya ci Urushalima, ya kwashi sarki da fadawa da maƙera da masu sana'a ya kai su ƙasar da a yau ake kira Iraƙi. Bayan 'yan shekaru wani mai suna Hananiya ya tashi a cikin Haikali ya yi albishir cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, kowa ya koma gida. Don ya ƙarfafa maganarsa har ya fizge karkiyar itacen da Annabi Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta a gaban jama'a. Magana ce mai daɗin ji, ga ta da wa'adi. Irmiya kuwa wasiƙa ya aika wa waɗanda aka kwashe, abin da ke cikinta kuma ba mai faranta rai ba ne. Ya ce zaman zai kai shekara 70. Ya umarce su su gina gidaje, su yi noma, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su har su yi masa addu'a, kuma su toshe kunnensu daga masu mafarkai da ke tsakaninsu. Hananiya ya mutu a wannan shekarar da ya yi albishirinsa. A 586 aka rushe Urushalima da Haikalinta ƙurmus. Sai a 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, daga baya ya ba da izinin komawa, Haikalin kuma bai sake tsayawa ba sai wajen 516.

Da waɗancan mutane sun bi Hananiya, da sun ƙare rayuwarsu a zaman jiran gawon shanu, kayansu a ɗaure, 'ya'yansu babu sana'a. Saboda sun bi Irmiya ne suka wanzu a matsayin al'umma, har zuriyarsu ta zauna a Iraƙi zuwa tsakiyar ƙarni na 20.

Mutanen Durumi sun ji irin maganar Hananiya ta baki biyu. Na farko bakin hukuma ne: a Maris na 2015 sojoji suka ƙwato Gwoza, a Disamba na shekarar Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an riga an karya lagon Boko Haram, aka yi ta cewa komawa gida ta kusa. Amma a ƙarshen Yuni na 2024 'yan ƙunar baƙin wake sun tashi bama-bamai a cikin garin Gwoza, har a wurin biki da wurin jana'iza. Na biyu bakin mai wa'azi ne da ke cewa duniyar ma gaba ɗayanta ta zo ƙarshe. Duka biyun abu guda suke haifarwa a zuciyar mai saurare, wato ganin cewa babu amfanin dasa wani abu a nan.

Littattafan da aka fi jawowa a irin wannan wa'azi su ma a cikin ƙunci aka haife su. Al'adar coci ta danganta littafin Daniyel ga zamanin bautar Babila, masana tarihi da yawa kuma na ganin wahayoyinsa na ƙarshe suna magana ne a kan Sarki Antiyokus na Huɗu, wanda ya ƙazantar da Haikali a 167 kafin haihuwar Almasihu, aka tsarkake shi a 164. Ko wanne aka ɗauka, masu karatunsa na farko mutane ne da aka danne ake neman raba su da addininsu. Gargaɗin gudu zuwa duwatsu kuwa, a tsakiyar bayani kan rushewar Haikali ya zo, kuma rundunar Rum ƙarƙashin Titus ta rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Masanin tarihin coci Yusibiyus ya ruwaito cewa Kiristocin Urushalima sun fice zuwa garin Fella a hayin Kogin Urdun kafin a gama da birnin. Sun ɗauki gargaɗin a matsayin shawarar tsira da rai, suka je suka ci gaba da rayuwa.

Sai lambar nan 666 da ake razana mutane da ita. Wahayin Yahaya wasiƙa ce daga tsibirin Batmusa zuwa ga ikilisiyoyi bakwai da ke yammacin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarshen ƙarni na farko, lokacin da ake matsa wa talakawan daula su girmama sarkin Rum kamar abin bauta. Mai wasiƙar ya kira Rum da sunan Babila, domin masu karatunsa sun san tsohon labarin kuma sun gane wa ake nufi. Game da lambar, Bahaushen da ya san hisabi, ya san yadda malamai ke ba kowane harafi adadinsa, ba zai sha wahalar fahimta ba. Ibraniyanci da Girkanci ma haka suke. Idan aka rubuta sunan Kaisar Niro da haruffan Ibraniyanci aka haɗa adadinsu, 666 ake samu. Idan aka bi lafazin Latin aka sauke harafin ƙarshe, sai ya koma 616, kuma akwai tsofaffin kwafe-kwafen littafin da 616 ɗin suka rubuta. Niro shi ne ya karkashe Kiristoci bayan gobarar birnin Rum ta shekara ta 64. Da wuya a ce wannan dacewa ce kawai.

Malaman coci da dama za su ce annabci na iya cika sau biyu, sau ɗaya a zamanin da aka faɗe shi, sau ɗaya a ƙarshen zamani, kuma dawowar Almasihu ginshiƙi ce a aƙidar Kirista wadda tarihi ba ya soke ta. Wannan magana ce mai tushe, babu mai ja da su a kai. Sai dai littafin da suke riƙe da shi ne ya ce ranar ba wanda ya san ta, ko mala'iku. Shi ne kuma ya adana wasiƙar Manzo Bulus ga mutanen Tasalonika, inda ya tsawata wa masu zaman kashe wando, ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci. Mai yanka rana ya saɓa wa nassin da yake iƙirarin fassarawa tun kafin ranar ta zo ta wuce.

Kuma ta sha wucewa. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, wasu sun bar amfanin gona bai girbu ba. Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011. Waɗannan dukiya da mutunci suka yi asara. A Kanungu ta Yuganda, a shekara ta 2000, rayuka sama da 700 ne suka salwanta. A dajin Shakahola na Kenya an tono gawarwaki sama da 400 tun daga 2023. A nan gida, a Yuli na 2022 'yan sanda sun fito da mutum 77, har da ƙananan yara, daga ɗakin ƙarƙashin wani coci a garin Ondo, inda aka tara su suna jiran fyaucewa. Wasu yaran an raba su da makaranta saboda haka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu bangon da ya kai na ɗan gudun hijira tsagewa. Ɗan kasuwar da ya ji wa'azin alamar dabba a babban coci zai koma gida da katin bankinsa a aljihu, gobe ya ci gaba da harkarsa. Matar da ke cikin bukka, idan tsoro ya hana ta yin rajistar NIN, layin wayarta za a rufe, tallafin da ake biya ta banki ya wuce ta, ɗanta kuma ba zai iya rajistar jarrabawar JAMB ba. Yaran da aka haifa a sansanin a shekarar farko yanzu sun kai shiga sakandare, Abuja kaɗai suka sani, Gwoza kuwa a bakin iyaye suke jin ta. Majami'un da ke maƙwabtaka da su suna da lauyoyi da likitoci da manyan ma'aikatan gwamnati a kan kujerunsu kowace Lahadi, mutanen da za su iya samar wa waɗannan yara takardar haihuwa, da gurbi a makarantun gwamnati na Garki, da wurin koyon sana'a, cikin 'yan makonni.