ƊAN KWANGILA YA SAN SIRRIN SHINGE, WA YA SAN NASA?

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku daure ku karanta har ƙarshe kafin a fara jifana.

Jiya da daddare a majalisarmu musu ya yi zafi. Na ce ya kamata duk ɗan kwangilar da ke yi wa jami'an tsaro aiki a yankin nan namu na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar a wajabta masa ya riƙa kai rahoton kansa da kansa: bashin da ke kansa, waɗanda suke da hannu a kamfaninsa, da wanda ya sayar wa kwangilar in ya sayar. Sai wani yayanmu ya ce, "Kai malam, wannan ai harkar tsaro ce, sirri ne, ba a tona ta." To wallahi wannan kalma ta "sirri ne" ita ce bargon da ake lulluɓe ɓarna da shi a ƙasar nan, kuma a kanta nake son mu yi magana.

Mu fara daga gida. Wa ya fi kowa sanin motsin jami'an da ke kan iyakar Maigatari? Mutane za su ce kwanturola ko kwamanda. Ni kuwa na ce mai kai musu man fetur, da mai dafa musu abinci, da bakaniken da ke gyara motar sintiri, da yaron da ya ɗaura musu sola. Mai abinci ya san kwano nawa ake kai wa kowane shinge, ke nan ya san mutum nawa ne a wurin. Bakanike ya san ranar da mota take kwance a gareji. Mai mai ya san daren da aka cika tanki, ke nan za a fita. Waɗannan ba su sa kaki ba, ba su yi rantsuwar kama aiki ba, amma abin da ke cikin kansu ɗan fasa-ƙwauri ko ɓarawon shanu zai saye shi da tsada. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari. Ku tambayi 'yan uwanmu na Zamfara da Katsina irin ɗanyen aikin da infoma suka yi musu.

Ban ce 'yan kwangilarmu ɓarayi ba ne. Mafi yawansu masu neman halal ne, wasunsu ma gwamnati ta riƙe musu kuɗi shekara da shekaru. Abin da nake cewa shi ne, babu wata hanya da aka tanada da za a gane ranar da mutumin kirki ya shiga matsin da zai iya sa shi ya sayar da amana.

Ku dubi yadda dokokinmu suke. Kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin kujera. A kan wannan batu aka cire Alƙalin Alƙalan Najeriya, Walter Onnoghen, a 2019. Amma ɗan kwangila ba ma'aikacin gwamnati ba ne, don haka wannan fom bai shafe shi ba. Dokar bayar da kwangila ta tarayya ta 2007 ta ce mai neman kwangila ya kawo takardar rantsuwa yana bayyana ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannun jari ko wata moriya a kamfaninsa. Madalla. Sai dai sau ɗaya ake yi, ranar neman aiki. Abin da ya faru bayan nan, oho. Wani abin takaicin kuma, lokacin da aka kafa ta a 2007, ita wannan dokar da kanta ta ware sayayyar da ta shafi tsaron ƙasa, ta ce ba ta hau kanta ba sai in shugaban ƙasa ya amince. Wato inda ya fi buƙatar ido, nan aka kashe fitila.

Mun kuma ga abin da duhun ya haifar. A 2015 aka bankaɗo badaƙalar kuɗin makamai, dala biliyan 2.1, wadda aka zargi ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro na lokacin Sambo Dasuki da karkatarwa. A shekarun da ake zancen kuɗin sun salwanta, yaranmu sojoji suna arewa maso gabas suna kukan rashin kayan aiki a gaban Boko Haram. Da wace kalma aka rufe duk wannan? "Sirri ne."

Yanzu bari mu leƙa Amurka, don su ma sai da wuta ta ƙone su suka gyara. A 2013 Edward Snowden, wanda ma'aikacin kamfanin kwangila ne, ya kwashi sirrin hukumar leƙen asirinsu ya fice daga ƙasar. A watan Satumba na wannan shekarar dai, wani ma'aikacin kwangila mai takardar izinin shiga wuraren sirri, Aaron Alexis, ya bindige mutum 12 a sansanin sojan ruwa da ke birnin Washinton. Bincike ya nuna an taɓa kama shi a kan harbi da bindiga, kuma masu aikin da yake ƙarƙashinsu sun ga alamun ba shi da lafiya amma ba su sanar da hukuma ba. Daga 2017 suka fara aiki da wata ƙa'ida: duk wanda aka ba izinin sanin sirrin gwamnati, har da ma'aikatan 'yan kwangila, dole ya kai rahoton kansa. In 'yan sanda sun kama shi, ya faɗa. In bashi ya wuce kwana 120 bai biya ba, ya faɗa. In zai yi tafiya ƙasar waje, ko yana da alaƙa ta kusa da ɗan wata ƙasa, ya faɗa. Hikimar ita ce, abin da ka riga ka gaya wa hukuma babu wanda zai yi maka barazana da shi. Sau da yawa ɓoyewar ce ke kai mutum ƙasa fiye da matsalar kanta.

To amma a nan zan rabu da masu son a kwaso tsarin Turawa a juye mana shi yadda yake. In aka ce kowa ya kai rahoton alaƙarsa da ɗan wata ƙasa, ai duk Maigatari sai ta cika fom. Wane gida ne babu ɗan uwa a Dungas ko Magarya ko Damagaram? Kawun wani yana can, matar wani daga can aka ɗauko ta. Ranar Alhamis ka shiga kasuwar dabbobi ka raba mini ɗan Najeriya da ɗan Nijar in ka isa. Mun ga wahalar da aka sha da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Talaka ya ji a jikinsa, su kuwa masu hanya kayansu ba su daina wucewa ba. Don haka kada a mayar da zumunci laifi. Abin da za a sa wa ido kuɗi ne da hulɗar kasuwanci.

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Duk kwangilar da ta shafi shingen tsaro, barikin jami'ai, motocin sintiri ko na'urorin sa ido, a rubuta a cikin yarjejeniyarta cewa ɗan kwangila zai sanar a rubuce in ya miƙa aikin ga wani, in mamallakin kamfanin ya canja, in an kama shi ko wani yaronsa da laifi, in bashi ya yi masa katutu, ko in yana safarar kaya ta kan iyakar da yake yi wa masu gadinta hidima. Mai kai wa shinge mai kuma yana da tireloli masu tsallaka wannan shingen, ai an ba kura ajiyar nama. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta riga ta ce a bayyana ainihin masu iko da kamfani, saura a yi aiki da ita. Sannan wanda ya zo da kansa ya faɗi gaskiya kada a wulaƙanta shi ko a ƙwace aikinsa haka kawai, in ba haka ba kowa zai kama bakinsa. Wanda ya ɓoye aka gano, shi za a soke wa kwangila a hana shi wata.

Ita ma gwamnati da nata laifin. Ka ba mutum aiki, ya ci bashi ya yi, ka hana shi kuɗinsa, sannan ka yi mamakin ya saurari mai jaka? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa gwamnati ce ke tsaga bangon da hannunta.

Jigawa tana da hukumar bin ƙa'idar bayar da kwangila, tana iya sa wannan sharaɗi a kwangilolin jiha ba sai ta jira Abuja ba. Ƙananan hukumomin nan huɗu kuma kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai. Wanda ke kanta ya kai ƙudurin ƙara sa ido a kan kwangilar tsaro. Yankinmu yana zaune lafiya in aka kwatanta da maƙwabta, alhamdu lillahi, kuma yanzu ne lokacin ɗaure akuya, tun kura ba ta shigo gari ba.

Yayana da ya ce sirri ne, ga amsata: lokacin fita sintiri sirri ne, na yarda. Sunan mai kamfanin da ke cin kuɗin jama'a kuwa haƙƙin jama'a ne su sani.

'Yan kwangilar da ke cikin abokaina, ina jiran ku a ƙasa, ku faɗi naku. Allah Ya tsare mana iyakokinmu, Ya ba mu ikon riƙon amana.