Tambayar Farko ga Mai Son Fara Amfani da Linux

Tandabawi unguwa ce a Makka, ba nisa da Harami, inda zuriyar alhazan ƙasar Hausa suka daɗe da zama. Ina da ɗan 'yar'uwa a can wanda ya yi karatunsa da Larabci, amma Hausa yake yi da mahaifiyarsa. A ƙarshen 2025 ya aiko mini da saƙo yana cewa: “Kawu, kwamfutata ta tsufa, an ce in sa mata Linux. Wanne ya fi kyau, kuma nawa ake sayarwa?” Dalilinsa shi ne kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa na'urar ba za ta ɗauki Windows 11 ba.

Amsar tambayar kuɗi ba ta da wuya. Linux babbar manhaja ce, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ginshiƙinta a 1991, yana ɗalibi a Helsinki, kuma an bar ta a buɗe, kowa na iya saukewa, ya gyara, ya raba kyauta. Shi ya sa ta yi rassa da yawa. Ubuntu, wanda ya fito a 2004, ko Linux Mint na 2006, kowannensu ya ishi sabon shiga. Masana kan yi musu a kan wanda ya fi, amma musun bai shafi mai koyo ba.

A ganina, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce: shin zan iya rubuta harsunana da ita? Wannan ta shafe ka kai ma, ɗalibin Hausa. Boko yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, kuma a Nijar ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Wanda ya yar da lanƙwasa ya mai da baƙi baki, ya mai da faɗa fada. Shekara da shekaru ina karɓar aikin ɗalibai da aka buga haka, sai in zauna ina cankar abin da suke nufi. To, a Linux akwai tsarin madannai na Hausa, na Nijeriya da na Gana, a ajiye tun daga farko, tare da na Larabci. Zaɓa kawai mutum zai yi, ya riƙa sauyawa daga wannan zuwa wancan. Mai son ajami kuma sai ya sauke salon haruffan Alkalami, wanda ƙungiyar SIL ta tsara bisa rubutun hannu irin na Kano, shi ma kyauta ne.

Sai dai ban ɓoye masa matsalolin ba. Word ba ya aiki a Linux kai tsaye. LibreOffice ne madadinsa, yana kuma buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce, musamman in an cakuɗa Larabci da boko a layi ɗaya. Wata na'urar buga takarda ma takan yi gardama. Wanda abincinsa ya dogara ga wata manhaja ta Windows, gara ya bincika kafin ya taɓa komai.

Saboda haka na ce masa kada ya goge komai tukuna. Ya kwafe hotuna da takardunsa a wani wuri, sannan ya sa Linux a filashi, ya tayar da kwamfutar daga nan, domin ana iya gwada ta a haka ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. In ta kama intanet, sauti ya fito, sai ya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa da Hausa, ya sa kwanan wata da Larabci.

Bayan mako biyu wasiƙar ta iso gare ni, kowace lanƙwasa tana wurinta. Na'urar buga takardarsa ce har yanzu ba su daidaita ba.