Littafin zubi ya san nawa, bai san don me ba

   

Maganar yau daga wani abin kunya da ya kusa samun mu a ƙungiyarmu ta fito. Daminar bara, tsakanin Yuli da Agusta, mata bakwai suka kasa biyan bashi a kan lokaci, uku daga cikinsu ma suka daina zuwa taro gaba ɗaya. Sakatariya ta buɗe littafi, komai na nan a rubuce: wance ta ɗauki jika 10, wance jika 15, ranar biya ta wuce, tarar dala 20 ta hau kan kowace. Littafi bai yi ƙarya ba. Mu kuma shugabanni ranmu ya ɓaci, muka ce sakaci ne, har muka fara shawarar a sallame su idan an yi rabo. Sai wata dattijuwa a cikinmu, wadda ko alif ba ta sani ba, ta ce: "Ƴaƴana, ku da kuka yi yaƙi da jahilci, littafin nan naku ya gaya muku nawa ne. To ya gaya muku don me?" Muka ce, "A'a, Iya." Ta ce, "To ku je ku jiyo."

Abin da Iya ta aike mu yi, ashe aiki ne da masu ilimi ke yi, har jami'a ake koyar da shi. Bincike iri biyu ne. Akwai na ƙidaya, wanda ke tambayar mutum nawa, buhu nawa, sau nawa. Irinsa ne ƙidayar jama'a ta 2012, lokacin da aka bi gida gida aka samu mu ƴan Nijar mun haura miliyan 17. Littafin zubinmu ma ƙaramin binciken ƙidaya ne. Sai kuma ɗaya nau'in, wanda mu a nan za mu kira binciken sauraro. Shi ba ya zuwa da takardar "i ko a'a". Mai yin sa zama yake da mutane, ya yi hira mai tsawo, ya kalli yadda suke yin abu da idonsa, ya rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, don ya gane dalili da yadda abin yake a wurinsu su da kansu.

A Yamai akwai wata cibiya mai suna LASDEL, an kafa ta a 2001, wadda aikinta kenan. Masu bincikenta sukan je ƙauye su zauna kwana da kwanaki. Sun taɓa bin diddigin kuɗin tallafin nan da ake raba wa matalauta hannu da hannu. A takardun masu rabo an rubuta cewa mace ce ta karɓa, kuma gaskiya ne, ita ta dangwala yatsa. Amma da suka zauna da jama'a sai suka tarar a wurare da yawa kuɗin hannun maigida yake komawa, a wasu garuruwan kuma a sake tattara shi a raba wa har waɗanda ba a rubuta sunansu ba, don kada zaman tare ya lalace. Wannan duk mun san shi, ko ba haka ba? Amma mai zaune a ofis yana duban lissafi ba zai taɓa ganinsa ba, sai wani ya je ya saurara ya kai masa.

To mu ma muka tashi, kuma karon farko kuskure muka yi. A cikin taro muka tambaya, gaban kowa, akwati a tsakiya. Kowace ta sunkuyar da kai ta ce, "Rashin kuɗi ne, ku yi haƙuri." Muka tashi da abin da muka zo da shi. Karo na biyu muka bi su gida, amma da ma'ajiya muka tafi. Mace ta hango mai riƙe da kuɗin ƙungiya ta yi sallama, me kuke tsammani? Ɗaya har ta aiko yaro ya ce ba ta nan, alhali muna jin tarinta a ɗaki. Sai a karo na uku muka yi hankali. Muka zaɓi mata biyu da ba su riƙe makulli ba, ba su riƙe littafi ba, kuma an san bakinsu da nauyi. Suka riƙa zuwa da la'asar, lokacin da maigida ba ya nan, kishiya ko suruka ba ta kusa. Su zauna a tabarma su taya tsinkar zogale, a yi ta hirar duniya kafin a zo kan magana.

Yadda ake jefa tambaya ma ilimi ne. In kika ce, "Ai mijinki ne ya karɓe kuɗin ko?" kin riga kin sa mata amsa a baki, ko dai ta ce i don ta rabu da ke, ko ta ce a'a don ta rufa asirin gidanta. Amma in kika ce, "Yaya, ba ni labari, tun ranar da kika ɗauki kuɗin nan, ya aka yi?" sai ta ɗauko daga farko. Sannan ki yi shiru. Wannan shirun ya fi komai wuya, mu mata mun sani. Da ta ɗan tsaya sai ki ji bakinki na ƙaiƙayi ki cike mata. Ki daure. Sau da yawa bayan shirun ne maganar gaskiya ke fitowa.

Ga abin da suka jiyo, kuma ba za mu ambaci sunan kowa ba.

Biyu daga cikinsu zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar musu da yara, kuɗin sana'a ya tafi magani. Ba su nemi taimako daga asusun jin ƙai ba domin a tunaninsu na mutuwa ne da haihuwa kawai. Laifin wa? Namu ne, mu da ba mu taɓa bayyana dokar a fili ba. Ɗaya mai ƙuli-ƙuli ce da man gujiya, masu sayen kayanta ta Ɗan Isa suke bi su kai Jibiya, da naira suke biyan ta. Tun rufe iyakar 2023 da faɗuwar naira, in ta canza kuɗin zuwa sefa ko uwar kuɗi ba ta fita. Ta yi ta ɓoyewa tana fatan kasuwa ta gyaru. Biyu kuma da sunansu aka ci bashin amma ba su suka kashe ba: ɗaya maigida ya yi kuɗin mota ya tafi ci-rani, ɗaya ya sayi taki. Wata ta ce ranar taronmu ta faɗo daidai da ranar da aka bar mata ta yi noman gamanarta, sauran kwanaki a gandun gida take. In ta zo taro gonarta ta cika da ciyawa, in ta je gona tara ta hau kanta.

Ta bakwai ɗin ita ta fi taɓa mu. Kuɗinta na nan a ƙulle a bakin zane, ta ma nuna wa waɗanda suka je. Ta ce ranar da ta fara makara aka kira sunanta da ƙarfi, aka faɗi tararta gaban kishiyarta, aka yi dariya. Ta ce, "Na gwammace in rasa zubina da in sake zama wurin nan." Mu da muka kira sunan ko tunawa ba mu yi, ita kuwa wata biyu tana kwana da abin.

Kun ga mata bakwai, a littafi layi ɗaya suke, "ba ta biya ba", amma dalili biyar ne daban daban, kuma kowane da maganinsa. Da mun sallame su da mun kori mai ɗa mara lafiya da wadda mu muka ɓata wa rai a hukunci guda.

Wata za ta ce, to wannan ai gulma ce aka sa mata sabon suna. A'a, akwai bambanci, kuma ya kamata mu riƙe shi da kyau. Mai gulma abin da ya yi mata daɗi take ɗauka, ta ƙara gishiri, ta kai inda ba a aike ta ba. Mai bincike tana faɗa wa mutum tun farko don me take tambaya, in an ce ba a so ta haƙura. Tana rubuta abin da aka faɗa, ba abin da ta so a faɗa ba, har wanda ya saɓa wa zatonta. Ba ta tsayawa kan bakin mutum ɗaya: maganar naira sai da muka tambayi wasu masu ƙuli-ƙuli biyu da ba ƴan ƙungiyarmu ba, muka kuma je kasuwa muka ga canjin da idonmu, sannan muka yarda. Kuma tana riƙe amana. Da aka kawo rahoto gaban taro cewa aka yi "akwai wadda", ba a ce "wance" ba. Masu wannan aiki suna da wata alama ta sanin lokacin tsayawa: in kika yi ta tambaya har kika ga sababbin mutane tsohuwar amsa suke maimaita miki, to kin kai gaci.

Sai dai kada mu zarce. Abin da mata bakwai suka faɗa a garinmu ba shi ne halin matan Nijar duka ba. Ƙungiyar Tawa tana iya yin nata binciken ta tarar da wani abu daban. Kuma sauraro bai soke littafi ba. Ba don littafin ba da ba mu ma san su bakwai ne ba, da ba mu lura duk a wata biyun nan na tsananin damina abin ya taru ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991 tare da CARE, ƙarfinmu shi ne lissafi a fili gaban kowa. Wannan ba mai taɓa shi.

Akwai kuma ɗaya gefen, inda mu ne ake tambaya. Baƙi sukan zo da mota da takardu, yanzu ma da waya suke rubutawa, a tara mu ƙarƙashin itace. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu: sau nawa muka ba su amsar da muke zaton za ta jawo tallafi? A tambayi akuya nawa, mai biyar ta ce ba ta da ko ɗaya. Daga baya a kawo abin da ba shi muke bukata ba, mu yi ta ƙorafi. Muna da hakkin mu tambaye su: su wane ne ku, wa ya aiko ku, me za a yi da maganarmu, za a rubuta sunanmu? Muna da hakkin mu ce ba za mu amsa ba, ko mu ce a fitar da maza tukuna. Amma in mun yarda za mu yi magana, mu faɗi yadda abin yake.

A ƙungiyarmu dai mun gyara abu huɗu. Taro ya koma yamma a watannin noma. An rage zubi daga Yuli har a fara girbi, a cike bayan kaka. An karanta dokar asusun jin ƙai a fili, rashin lafiyar yaro na ciki. Tara kuma ana rubuta ta, a nuna wa mai ita, ba a shelanta ta. Shida sun dawo sun biya, har da wadda muka ɓata wa rai, bayan mun je da kanmu mun ba ta haƙuri.

Maganar bashin da maigida ke karɓewa ita ce har yanzu ba mu samo bakin zarenta ba. Wasu sun ce a riƙa kiran mijin ya shaida ranar ɗauka, wasu sun ce hakan zai sa mata su daina ɗauka, ko ya jawo rigima a gida. Ta bakwai ɗin da ba ta dawo ba, mijinta bai dawo daga ci-rani ba har yau. In akwai ƙungiyar da ta taɓa warware irin wannan, don Allah ku ba wakiliyarku labarin ta aiko mana, yadda ya faru, ba tare da suna ba, mu kawo shi a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.