Wasiƙar Akawu Daga Sandamu: Kada A Hana Wa Babur Abincinsa Don Tsimin Mai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin yau ina da magana da 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta da malaman gona, waɗanda abin hawansu babur ne. Maganar kuwa ta kafireto ce, wanda waɗansu ke ce wa kabureta. Ni ba bakanike ba ne, aikina alƙalami ne da takarda. Abin da ya sa na ɗauko zancen, na taɓa wannan abu da jahilci ya cije ni, sa'an nan na zauna na koya, na ga bai kamata in bar wani ya faɗa ramin da na faɗa ba.

Babur ɗin da na ke nufi shi ne dogon nan mai tsawon ƙafa, mai taya gunduwa-gunduwa, wanda aka ƙera don ya bi kwalta ya kuma bi jeji. Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fito da DT-1 cikin 1968, shi ya sa irin wannan babur ya yi suna a duniya, Honda kuma ta biyo da XL250 cikin 1972. Jikokinsu ne mu ke hawa. Ƙasarmu ta Daura kuwa sai ka ce dominta aka yi shi, gama mutum ya kan bi kwalta daga Sandamu zuwa Daura da safe, da azahar kuma ga shi cikin rairayi tsakanin gonaki, inda ƙaramin babur sai turi.

To, kowa ya san abin da ya faru ran 29 ga Mayu, 1 ga mulkin sabuwar gwamnati cikin 2023, da aka ce an janye tallafin man fetur. Lita da mu ke saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa har ta wuce Naira 1,000 a wurare da yawa. Albashi bai bi ta a guje ba. Sai wata dabara ta yaɗu a majalisun hira, wai ka kai babur a matse maka kafireto, ya riƙa lasar mai maimakon sha. Ni ma na kai nawa wurin wani yaro mai gyara, ya murɗa wannan ya ɗaure wancan, ya sa wani ɗan ƙaramin jet. Da na ga babur ya yi sanyin jiki, sai wani abokina ya ce ai numfashi ne ya yi masa kaɗan, in cire soson tace iska in kuma huda salansa. Na bi shawara duka biyu, ina murna na zama mai wayo.

Ran nan cikin watan Afrilu aka aike ni da takardun ofis wani ƙauye can bayan Fago, rana tsaka. Na shiga rairayi ina jan babur da ƙaramar giya, sai na ji zafin inji yana dukan ƙwauri na, ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Ban kula ba. Can sai ya yi tari biyu ya mutu, na buga na buga, ko motsi. Na tura shi har makogwarona ya bushe, wani mai amalanken shanu ya ji tausayina ya ɗora mu. Takardu ba su isa ba sai kashegari, na sha faɗa wurin babban akawu, na kuwa cancanta. Da aka buɗe injin sai ga bawul ya ƙone, kan fistan ya ci wuta, rairayi kuma ya goge ringi. Abin da na biya ya ninka abin da na yi tsimi sau da yawa. Garin neman ƙiba na samo rama ke nan.

Wani dattijon bakanike a Daura shi ya gyara mini, shi ne kuma ya zaunar da ni bisa benci ya ce, “Malam, kai da ka ke da ilmi, ka taɓa ganin an hana wa doki dawa sa'an nan a sa shi sukuwa?” Daga bakinsa da kuma littafin babur ɗin, wanda dā ban taɓa buɗewa ba, na tsinci abin da zan faɗa muku.

Shi kafireto mai dama furar inji ne. Aikinsa ya gauraya fetur da iska bisa ma'auni, ya miƙa wa inji ya ƙona. Wanda ya san famfon nan na fesa maganin sauro ya san asirinsa: iska in ta bi ta ƙuntataccen wuri da sauri, sai ta zuƙo ruwa daga ɗan bututun da ke ƙasa ta watsa shi kamar hazo. Wani Bajamushe, Wilhelm Maybach, ya yi kafireto mai wannan fesawa cikin 1893. Masana sun auna, sun ga in ana so fetur ya ƙone sarai, ko wane awo 1 nasa yana bukatar awo 14.7 na iska, bisa nauyi. In ana son ƙarfi kuwa sai a ɗan ƙara kauri, wajen awo 12 ko 13 na iska. To, in mai ya yi yawa fura ta yi kauri, in iska ta yi yawa fura ta tsinke.

Ga inda mu ka yi kuskure. Muna tsammani ƙarancin mai ragowar ƙarfi kaɗai ya ke kawowa. Ashe ɗan rarar man nan shi ke sanyaya cikin inji, in aka hana shi sai zafi ya taru a kan fistan da bawul. Injin babur ɗinmu kuwa ba shi da ruwa, iskar tafiya ce ke fifita shi. A cikin rairayi ga nauyi ga tafiya sannu, ba iskar da za ta fifita, nan ne tsinkakkiyar fura ta ke kisa. Irin mai hayaƙin nan da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, shi nasa ma ya fi sauri. Cire soso da huda salansa kuwa ƙara iska ne, watau ni na ƙara wa kunun da ya riga ya tsinke ruwa.

Yanzu bari in lissafa sassan, don mai koyo ya san abin da ya ke taɓawa. A ƙasa akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, cikinsa da wani abu mai yawo bisa mai kamar gorar masunta, in kwanon ya cika sai ya tashi ya toshe ƙofa. Akwai jet biyu, watau 'yan bututun tagulla masu ƙanƙanen rami. Ƙaramin shi ke ciyad da inji tun daga sulo har wajen rubu'in totur. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, wata doguwar allura mai tsini ce ke hukunci, tana tashi tana sauka cikin bututu. Daga nan zuwa ƙarshen totur sai babban jet. Saboda haka kafin ka kwance kome, ka lura a wane wuri na totur ne babur ke gardama, gama nan za ka san mai laifi.

Alamun tsinkewa su ne: inji ya yi zafi da wuri, in ka saki totur ya daɗe bai sauko ba, salansa ta riƙa harbi, in ka ja cok kuma ka ji ya ƙara lafiya. Alamun kauri su ne: baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai, da ɓarɓarniya in inji ya ɗumama. Babban mashaidi kuwa fulogi ne. Ka yi tafiya sosai bisa kwalta, ka kama kuloci ka kashe inji, in ya huce ka kwance fulogi ka duba bakinsa. In ya yi launin ɓawon gyaɗa, lafiya lau. In ya yi fari fat kamar alli, yunwa ya ke ji, akwai hatsari. In ya yi baƙi da kunkunniya, ya ƙoshi har ya yi yawa.

Shawarata ta fari ga mai koyo, ya fara da wanki tukuna. Sau da yawa abin da a ke ce wa lalacewar kafireto dauɗa ce kawai, ko ƙurar hunturu, ko ruwa da laka daga man kwalba na bakin hanya. Ka rufe famfon mai, ka nisanci wuta da taba, ka kwance kwanon ka zubar da abin da ya kwanta. Ka hura jet da famfon iska, kada ka soka masa allura ko waya, gama tagulla tana da taushi, ramin ya faɗaɗa shi ke nan ma'auni ya ɓaci. Soson iska a wanke shi, ya bushe, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse, a mai da shi wurinsa. A duba robar da ta haɗa kafireto da inji, in zafi ya tsattsaga ta iska na satar shiga ta nan. A sa 'yar matata tsakanin tanki da kafireto, kuɗinta kaɗan ne.

Shawara ta biyu game da 'yar kusar nan ce ta gefe, wadda kowa ke son murɗawa. Iri biyu ce, kuma aikinsu kishiyar juna ne. In tana wajen soson iska, ta iska ce, ɗaure ta na ƙara kauri. In tana wajen inji, ta mai ce, ɗaure ta na tsinka fura. Ka bar inji ya ɗumama, ka ɗaure ta a hankali kana ƙirga juyi har ta zauna, ban da ƙarfi, ka rubuta adadin. Sa'an nan ka mai da ita yadda littafi ya ce, galibi tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Daga nan ka riƙa motsa ta rubu'i rubu'i kana saurare, inda sulo ya fi tashi ya kuma daidaita, nan ne wurinta. In ya yi sama da yawa sai ka rage da kusar sulo.

Ta uku, allura da jet. Waɗansu allurai suna da tsagi kamar biyar a kai, da ɗan maƙali. In ka saukar da maƙalin allura ta tashi, mai ya ƙaru, in ka ɗaga shi mai ya ragu. Jet kuma ko wane da lambarsa a jiki, amma lambar kamfanin Keihin da ta Mikuni ba lalle su zama daidai ba, kada ka musanya bisa lamba kaɗai. Wanda ya sake salansa ko ya ƙara hanyar iska, tilas ya ƙara girman jet, watau ya yarda zai ƙara shan mai. In za ka sake, ka yi mataki ɗaya kurum, ka fara ta wajen kauri, domin kauri fulogi ya ke ɓatawa, tsinkewa kuwa inji ta ke ci.

Har wa yau a tuna iska ba ta zama ɗaya. Ta sanyin asubar hunturu ta fi ta zafin Afrilu nauyi da wajen kashi 8 cikin 100, saboda haka abin da aka daidaita da bazara ya kan tsinke da ɗari. Wanda kuma aka yi wa canjin aiki zuwa Jos, inda tudu ya wuce mita 1,200, zai ga babur ɗinsa ya ƙara kauri, don iskar can ba ta kai ta Daura nauyi ba. A Turai da Indiya galibin sababbin babura sun bar kafireto saboda dokokin hayaƙi, Indiya tun Afrilu 2020, wata 'yar na'ura ce ke auna musu. Mu da namu ke gyaruwa da sukundireba a gindin bishiya, kanmu ne na'urar.

Nan fa aikinmu na akawu ya ke da amfani. Ka sami ɗan littafi, ka rubuta kwanan wata, da lambar jet, da juyin kusa, da tsagin allura, da litar da ka sha, da nisan da ka yi. Kada ka sake abu biyu rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya gyara ko wanda ya ɓata ba. Tsofaffin sassa ka ƙulle su cikin takarda ka ajiye, don ka iya komawa inda ka fito. Littafin nan shi ya nuna mini inda tsimin gaskiya ya ke: iskar taya daidai, sarƙa da mai, birki ba ya riƙewa, kwano ba ya yoyo, da hannu mai sauƙi bisa totur. Tun da na mai da babur ɗina ma'aunin maƙeransa na kiyaye waɗannan, ban sake hawa amalanke ba.

Ina roƙon malaman makaranta su karanta wa ƙannenmu 'yan acaɓa wannan, gama su babur shi ne gonarsu, in ya buga gida ya kwana da yunwa. Makanikai kuma da suka fi ni sani, in sun ga na yi kuskure su rubuto wa Edita su gyara mini, matambayi ba ya ɓata. Mako mai zuwa, in muna da rai, za mu yi zancen sarƙa da taya cikin damina.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Sandamu, Ƙasar Daura.